INA YARON YAKE?

Karatu: Luka 2:41-52
Ƙarin karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 1 Sarakuna 20:39-40
Ayar haddacewa: Luka 2:52

Saƙon wannan mako na iyaye ne, uba da uwa, da duk wanda Allah ya danƙa masa riƙon yaro, ko kaka ce, ko gwaggo, ko yaya. Muna gaida 'yan'uwanmu masu sauraro da ke zaune a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, musamman mutanen Tireshbil da Ajame, gama da zamansu za mu yi misali yau. Amma ko a Kano kake, ko Maraɗi, ko Jos, za ka ga kanka a ciki. Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta nassin da ke sama a hankali, in da hali da murya, iyalinka suna ji.

Iyali mai tsoron Allah a kan hanya

Luka ya gaya mana Yusufu da Maryamu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa. Daga Nazarat zuwa Urushalima ya fi kilomita 100, tafiyar kwana uku ce ko fiye da ƙafa. Shari'ar Musa maza ta wajabta wa zuwa manyan idodi (Fitowa 23:17), duk da haka Maryamu ma takan bi mijinta. Wannan ya nuna mana irin gidan da muke magana a kai. Gida ne na ibada, gidan da mala'ika ya taɓa ziyarta, gidan da Allah da kansa ya zaɓa domin renon Ɗansa.

Sa'ad da Yesu ya kai shekara 12 suka tafi tare da shi. Aka gama kwanakin idi, ayari ya ɗaura kaya ya kama hanyar gida. Yaron ya tsaya a Urushalima, iyayensa kuwa ba su sani ba. Suka yi tafiyar yini guda cur suna tsammani yana cikin ayari. Da aka yada zango suka neme shi wurin dangi da idon sani, ba su gan shi ba. Suka juya da baya. Sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali, yana zaune a tsakiyar malamai, yana saurarensu yana kuma yi musu tambayoyi.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Ba a gidan giya aka yi wannan ɓata ba, ba kuma a gidan da ake faɗa dare da rana ba. Iyaye ne masu adalci, a kan tafiya mai kyau, cikin taron masu sujada. In abin ya faru da Yusufu da Maryamu, kada waninmu ya ce ya fi ƙarfinsa.

Asabar ɗinka a Abijan

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mazauna birnin Abijan sun haura miliyan 5 da rabi. Wanda ya taɓa shiga Ajame da hantsin Asabar zai ce dukansu nan suka taru. Bari in tuna maka yadda ranarka take tafiya.

Ke uwa, kin tashi tun da asuba domin ki riga maƙwabta zuwa famfo a tsakar gidan haya. Kin jiƙa kakin makaranta, kin ɗora ruwan zafi, kin aiki babba ya sayo burodi, ƙarami kuwa ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Kai uba, kana lissafi a zuci: kuɗin wuta, kuɗin ruwa, kuɗin haya, ga saƙo daga gida cewa tsohuwa ba ta da lafiya a tura wani abu ta waya. Kun ce yau za a gama komai da wuri domin kun yi wa yara alkawarin fita.

Sai ku biya ta Layi na 12 ko babbar kasuwar Tireshbil a sayi yadi, a kai wa tela, tela ya ce a dawo jibi. Daga nan a leƙa babban asibitin koyarwa a gaida wata 'yar'uwa ta zumuntar mata da aka kwantar. A tsaya a kantin magani. A jira bas ko woro-woro, a haye gada, a ratsa Filato, a faɗa cunkoson Ajame. A Kasuwar Guro a sayi doya da ayaba da tumatir, a Forum a nemi littattafan makaranta da jaka. Mai amalanke yana ihu a ba shi hanya, yaran mota suna jan hannunka kowa yana kiran unguwarsa, hannunka ɗaya a aljihu saboda masu yankan aljihu, ɗayan yana riƙe da kaya. In kun shiga gbaka yaron mota ya ce babu canji, ya haɗa ka da wani fasinja da ba ka taɓa gani ba, ya miƙa muku kuɗi guda ku je ku raba.

Kafin a kai gidan namun daji da ke hanyar Abobo, la'asar ta yi. Yara sun gaji, ke kin gaji, maigida ya fara amsa magana da kai kawai. A dawo da almuru, a saya wa yara garba ko aloko a bakin layi domin ba mai ƙarfin ɗora tukunya. A yi wanka, a kwanta. Littafi Mai Tsarki yana kan tebur inda aka ajiye shi tun Lahadin da ta wuce.

Na farko: gajiyarka ba a banza take ba

Kafin in yi maka gargaɗi, bari in ƙarfafa ka. Akwai iyaye da ke jin kamar sun yi laifi domin yininsu ya ƙare a kasuwa da tasha. Suna ganin aikin Allah sai a cikin majami'a. Ba haka Maganar Allah ta koyar ba. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya musunta bangaskiyarsa (1 Timoti 5:8). Macen kirki ta Karin Magana 31 tana tashi tun da sauran duhu, tana ciniki, tana saye da sayarwa, tana ɗinka wa iyalinta sutura, kuma Nassi ya yabe ta. Hannatu takan ɗinka wa Sama'ila 'yar riga kowace shekara ta kai masa Shilo, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai ga abin ya yi ƙanƙanta da za a rubuta ba (1 Sama'ila 2:19). Ubangijinmu da kansa ya yi shekaru yana sassaƙa a Nazarat kafin ya fara wa'azi.

Saboda haka layin da ka bi domin karɓar takardar haihuwar ɗanka a ofishin magajin gari, Allah ya gani. Kwandon da kika ɗauko daga Kasuwar Guro har wuyanki ya sage, Allah ya gani. In an yi su da ƙauna, hidima ce a gabansa. Kada Shaiɗan ya sa ka raina aikin da Allah ya ba ka.

Na biyu: haɗarin tsammani

Kalmar da nake so ka ja wa layi a aya 44 ita ce tsammani. Ba wanda ya yi niyyar barin yaron. Kowa dai ya ɗauka yana nan kusa, wurin dangi ko abokan tafiya. Yini guda suna ta tafiya, kowane taki yana ƙara nisanta su da shi, zuciyarsu kuwa a kwance.

Bari mu fara da ma'anar da ke a fili, domin ran yaro ba abin wasa ba ne. Mutanen Abijan ba su manta da daren shiga shekarar 2013 ba. Jama'a sun taru a Filato kallon wasan wuta, da aka tashi komawa gida aka yi turmutsutsu kusa da filin wasa na Houphouët-Boigny, mutum fiye da 60 suka rasu, da yawansu yara ne da matasa. Washegari iyaye suna ta zagaya asibitoci suna neman 'ya'yansu. Allah ya ta'azantar da waɗannan gidaje. Haka kuma wanda ya hau mota a tashar Basam da ke Tireshbil ya kai iyalinsa bakin teku a Basam, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, ya sani igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, tana jan ko babban da ya iya iyo.

Don haka ina roƙonku, iyaye, bangaskiya ba ta hana lura. Kafin ku bar gida ku faɗa a fili wane yaro ne a hannun wa. Kada uba ya ce yana wurin uwarsa, uwa ta ce yana wurin ubansa. Ku koya wa yaro cikakken sunansa, da sunan unguwa, da lambar layi, da lambar wayar ɗayanku har ya haddace. Wanda bai iya magana sosai ba a rubuta a takarda a sa masa a aljihu. Ku nuna musu wurin da za a tsaya in an rabu. Ku ƙirga su wajen shiga mota, ku ƙirga su wajen sauka. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara 9 nauyin tsaron ƙannenta uku a bakin ruwa ku kuna can kuna hira. Rigakafi ya fi magani.

Amma akwai ɓata iri na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa. Yaro yana iya kwana ɗaki ɗaya da kai, yana cin tuwonka, yana sa rigar da ka saya, alhali ya daɗe da barin ayarinka. Uba yana tsammani uwa tana koya masa addu'a. Uwa tana tsammani malamin makarantar Lahadi yana yi. Malamin yana da yara 40 da awa guda a mako, shi ma yana tsammani ana yi a gida. A cikin wannan tsammani wayar hannu da abokan bakin layi suke yin renon.

A cikin 1 Sarakuna 20 wani annabi ya ba sarki Ahab misali. Ya ce ana tsakiyar yaƙi aka kawo masa wani mutum aka ce ya tsare shi, in ya kuɓuce ransa ne a madadinsa. Shi kuwa ya shiga 'yan hidimomi, ya juya nan ya juya can, kafin ya waiwaya mutumin ya ɓace. Bai ce ya yi barci ba, bai ce ya yi maye ba. Aiki ne ya yi masa yawa. Hukuncin dai bai sake ba, domin abu ɗaya aka ba shi amana, shi ne kuwa ya salwanta. Hausawa suna cewa garin neman gira aka rasa ido.

Ku da kuke Abijan kun san yaran nan da ake kira mikrob, waɗanda suka fara fitowa a Abobo bayan rikicin zaɓe na 2010 da 2011, suna yawo ƙungiya-ƙungiya da wuƙaƙe. Mukan yi maganarsu kamar daga sama suka faɗo. Kowane ɗayansu mace ce ta haife shi, ta goya shi, aka raɗa masa suna. Talauci da yaƙi da maraici suna da nasu kaso mai yawa a cikin wannan masifa, ba kuwa za mu ɗora wa iyayensu dukan laifi ba. Amma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ga wata tsaga da ta shafe mu baƙi musamman. Kai kana tunani da Hausa, kana addu'a da Hausa. Ɗanka yana karatu da Faransanci, yana wasa da nushi, yaren matasan titi, Hausarsa kuwa ba ta wuce ta aike ba: kawo ruwa, rufe ƙofa, ina canjina. In dukan abin da ke shiga tsakaninku umarni ne, da wane harshe zai gaya maka abin da ke damunsa? Ka koya masa harshenka da hira da tatsuniya da waƙoƙin sujada. In kuma Faransanci ne ya fi zama a bakinsa, ka nema masa Littafi Mai Tsarki da Faransanci, ya karanta nasa ka karanta naka, ku tattauna. Kada kunyar gurguwar Faransancinka ta sa ka yi shiru.

Nassi ya faɗi wani abu mai ban tsoro game da sarki Dawuda da ɗansa Adonija: tun tasowar yaron ubansa bai taɓa tsayar da shi ya tambaye shi dalilin abin da yake yi ba (1 Sarakuna 1:6). Dawuda ya ci garuruwa, ya shirya mawaƙan sujada, ya tara kayan ginin Haikali. Tambaya ɗaya ce bai sami lokacinta ba, ƙarshen yaron kuwa bai yi kyau ba. Yaushe rabonka da ka tambayi ɗanka su wane ne abokansa? Yaushe rabonki da ki zauna da 'yarki ba tare da kin aike ta ko kin yi mata faɗa ba?

Na uku: ana iya barin Yesu a wurin idi

Yaron da ya ɓace wa Yusufu da Maryamu ba kamar sauran yara ba ne. Shi ne Mai Ceto. Ka ga abin mamaki: sun yi hadaya, sun yi waƙoƙi, sun cika kwanakin idi, suka kama hanya ba tare da shi ba, kuma yini guda ba su ji bambanci ba.

Haka yake faruwa da mu. Lahadin mai bi a wasu lokatai ta fi Asabar ɗinsa gudu. Sujadar safe, taron dattawa, koyon waƙa, taron kwamitin gini, gaisuwar ta'aziyya a Yofugon, taron 'yan gari a Ajame. Duka abubuwa ne masu kyau. Amma mutum yana iya yin wata guda a haka bai durƙusa shi kaɗai a gaban Ubangiji ba. Alamar ba ta ɓuya: haƙuri yakan ƙare da wuri, murya takan hau, ƙaramin laifin yaro ya jawo babban duka. Uban da ya bar Yesu a baya ba shi da abin da zai miƙa wa ɗansa sai dokoki.

Ubangiji ya san jikinmu. A Markus 6:31, lokacin da mutane suke ta kai da kawowa har almajirai ba su sami zarafin cin abinci ba, shi da kansa ya janye su gefe domin su huta kaɗan. Hutu ba ragwanci ba ne. In jerin abubuwan da ka shirya wa Asabar guda 10 ne, ka zauna da matarka daren Jumma'a ku soke 3. Tela zai jira. Ba dole a je kowane biki ba. Fita ɗaya da aka yi cikin natsuwa ta fi uku da aka yi ana tsawa.

Na huɗu: suka juya da baya

Abin da ya sa nake girmama Yusufu da Maryamu shi ne, da suka gane, ba su tsaya jayayya a kan laifin wane ne ba. Luka bai rubuta ko kalma ɗaya ta zargi tsakaninsu ba. Ba su kuma ce bari mu isa Nazarat tukuna, wani zai taho da shi ba. Suka rabu da ayari, suka koma tare. In ka lissafa za ka ga sakacin yini guda ya jawo musu kwana uku na damuwa. Gyara yakan fi ɓarna tsada, amma sun biya, domin yaron ya fi tafiyar daraja.

Watakila komawarka ita ce ka rufe shago awa guda kafin lokacin da ka saba. Watakila ita ce ki ajiye waya in yara sun dawo daga makaranta. Watakila ita ce ka nemi gafarar ɗanka saboda wata magana da ka faɗa cikin fushi. Za ka yi hasarar wani abu, kuɗi ko girman kai. Ka tuna ciniki yana dawowa gobe, amma shekara 12 ta yaro sau ɗaya take zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka kuma lura da yadda Maryamu ta yi da ta gan shi. Ta kira shi ɗanta, ta yi masa tambaya, ta gaya masa irin damuwar da ita da Yusufu suka sha. Sa'an nan ta saurari amsarsa. Amsar ta fi ƙarfin ganewarsu, gama ya nuna musu cewa yana da Uba wanda sha'aninsa ya riga kome. Ba ta gane duka ba, amma ta riƙe maganar a zuciyarta. Iyaye, horo wajibi ne, kuma aya 51 ta ce Yesu ya koma Nazarat yana yi musu biyayya. Amma Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi ko su karai (Afisawa 6:4, Kolosiyawa 3:21). Ka yi tambaya kafin ka ɗaga hannu. Yaron da ya san za a saurare shi a gida ba ya saurin kai sirrinsa waje.

Akwai kuma darasi a wurin da aka same shi. 'Ya'yanmu ba mallakarmu ba ne, amana ce daga wurin Ubangiji (Zabura 127:3). Muna so su ci jarrabawa, su sami aiki a Filato, su gina mana gida a garinmu. Ba laifi. Amma babban burin uba mai bi shi ne ɗansa ya san Ubansa na sama, ko da hanyar da Allah zai bi da shi ta bambanta da wadda muka tsara.

Na biyar: hanya ma makaranta ce

Wani zai ce, Fasto, na ji, amma ina lokacin? Amsar tana cikin Maimaitawar Shari'a 6:7. Musa bai ce a gina aji ba. Ya ambaci lokatai huɗu da kowane gida yake da su: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Wato yinin nan naka mai yawan zirga-zirga, shi ne ajin.

Da safe kafin a buɗe ƙofa, ku tsaya minti 3, ku riƙe hannu, ka ambaci sunan kowane yaro a gaban Allah. Ayuba yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin 'ya'yansa, kowa da tasa (Ayuba 1:5). Yadda kake ƙirga su a bakin mota, haka za ka ƙirga su a cikin addu'a.

A hanya, cunkoson da ke ba ka haushi zarafi ne. Kuna kan gadar Houphouët-Boigny, wadda aka gama a 1957, ko gadar De Gaulle ta 1967, motoci sun tsaya cik, yaro ba inda za shi, kai ma haka. Ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya a makaranta. Ka nuna masa jiragen ruwa a tashar jirage, ka ba shi labarin Yunusa ko na tafiyar Bulus zuwa Roma. In kun hau jirgin fito na SOTRA kuna ratsa tafkin Ebiriye, ga labarin Yesu da ya tsauta wa iska a tekun Galili. A gidan namun daji ga Nuhu, ga Daniyel. A dajin Banko, wanda yake tsakiyar birni da manyan itatuwansa, ka tambaye shi wa ya shuka su, wa yake ba su ruwa.

Amma ka sani wa'azin da ya fi shiga kunnen yaro shi ne wanda yake gani da ido. Yana kallo sa'ad da mai tumatir ta yi kuskure ta ba ki canji fiye da naki, ko za ki mayar. Yana ji sa'ad da ka rage masa shekaru domin kada a biya masa kuɗin shiga. Yana jin sunan da ka kira direban da ya shiga gabanka. Yana lura da yadda kake gaida maƙwabcinka Musulmi, da mai gadi, da almajiri, da wanda ba yarenku ɗaya ba. Ranar Lahadi za a koya masa gaskiya da ƙaunar maƙwabci, shi kuwa zai auna su da abin da ya gani ranar Asabar.

Da dare, ko kun gaji, kada a kwanta shiru. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa a yinin. A karanta aya biyu ko uku. In an yi wa wani tsawa ba bisa gaskiya ba, a shirya kafin barci.

Ga wanda nasa ya riga ya yi nisa

Na san akwai mai karanta wannan da hawaye. Ɗanki ya bar gida, ko yana gida amma ya daina shiga sujada, ya daina jin magana. Mutane suna cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira. A wurin mutum haka ne, amma muryar Makiyayi Mai Kyau tana kai inda tamu ba ta kai. Yaron nan da aka nema kwana uku a Urushalima, shi ne ya girma ya ce ya zo ne domin neman abin da ya ɓata ya cece shi (Luka 19:10). A wannan birni kuma, a lokacin wani Idin Ƙetarewa, ya mutu domin zunubanmu, har da sakacinmu na iyaye, a rana ta uku ya tashi. Kada ki daina addu'a, kada ki rufe ƙofa, kada kuma kunya ta hana ki gaya wa dattawan ikkilisiya su taya ki nema.

Kai kuma da ka bar iyali a Tawa ko Dogon Dutsi ko Zariya kana neman abinci a Abijan, kuɗin da kake turawa yana da muhimmanci, Allah ya sa albarka. Amma in ka kira waya kada ka tsaya a kan an karɓa ko ba a karɓa ba. Ka ce a ba ka yaran ɗaya bayan ɗaya, ka ji muryarsu, ka yi addu'a da su. Ke ma da kike renon yara ke kaɗai, Ubangiji uban marayu ne, mai tsaya wa gwauraye (Zabura 68:5). Ikkilisiya kuma, bari mu zama ayarin da yake lura da 'ya'yan juna da gaske. Ɗa na kowa ne, amma sai kowa ya buɗe ido.

Tambayoyi domin bimbini

1. Wane abu ne game da ɗanka kake tsammani kawai, ba ka tabbatar ba? Wa za ka tambaya a wannan mako?
2. A cikin lokatai huɗu na Maimaitawar Shari'a 6:7, wanne ne ya fi sauƙi gidanku ya fara da shi gobe?
3. Me za ka soke daga hidimomin wannan mako domin ka sami zama da Ubangiji da kuma iyalinka?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka ga tashinmu da asuba, ka ga gajiyarmu da dare. Ka tsare fitarmu da shigarmu, a kasuwa, a mota, a kan ruwa. Ka gafarta mana inda muka yi tafiya cikin tsammani. Ka ba mu tawali'u mu juya da baya, mu nemi fuskarka, mu nemi zuciyar 'ya'yanmu. Waɗanda suka yi nisa, ka komo da su gida. Bari yaranmu su yi girma cikin hikima da ƙarfin jiki, su sami tagomashi a wurinka da wurin mutane. Cikin sunan Yesu Kiristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

In wannan saƙo ya taimake ka, ka miƙa wa wani uba ko wata uwa a unguwarku. Sai mun sadu a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da dukan gidanka.